Malam ya samu aiki a jami'ar Ingila: ya tafi ko ya zauna?

Kwanakin baya wani malamina da ya koyar da mu a aji uku ya kira ni da daddare, abin da bai saba ba. Har gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi. Sai ya ce, "Kai da kake ta rubuce-rubuce a kan 'yan japa, to ga ta nan ta sallama a gidana." Wata jami'a ce a arewacin Ingila ta ba shi aikin koyarwa, kuma ba na shekara biyu ko uku ba, na dindindin. Ya yi intabiyu ta Zoom sau biyu, ya gabatar da darasi a gaban mutanen da bai taɓa gani ba, bayan sati uku takarda ta iso ta imel. An ba shi sati biyu ya ce eh ko a'a.

Na ce, "Malam, ai abin nema ne ya samu. Me kuma ake jira?" Ya yi dariya ya ce, "Haka kowa yake cewa, ban da ni da Hajiya."

Na san abin da zai faru da ya ɗora takardar nan a Facebook. Kafin awa ɗaya kwament ɗari biyar: Masha Allah, Allah ya sa mu a danshinku, Malam ko waiwaye kada ka yi. Wani zai ɗauko kalkuleta ya buga fam da naira ya ce miliyan kaza ne a wata. Can ƙasa kuma ga masu cewa duk wanda ya tafi ya ci amanar ƙasa, an yi masa karatu da kuɗin talakawa ya kwashe ya kai wa Turawa. Duka ɓangarorin biyu cikin daƙiƙa talatin suke yanke hukunci. Shi kuwa mai takardar, ranar da ya kira ni kwanansa tara ke nan bai yi barcin kirki ba. Abin da ya hana shi barci nake so mu duba, domin da yawa daga cikinku masu digiri na biyu da masu fafutukar na uku, wannan takardar ce burinku, kuma ba a cika gaya muku abin da ke bayanta ba.

Mu fara da adalci. Duk wanda ya ce malamin jami'a a Najeriya ba shi da dalilin tafiya, ko dai bai san jami'a ba, ko kuwa yana da wata hanyar samu a gefe. Ku da kuka yi karatu a 'yan shekarun nan ba sai an ba ku labari ba. A 2020 ASUU ta yi wata tara tana yajin aiki, ga korona a gefe. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif, gwamnati ta ce ba aiki ba biya, ta riƙe albashi. Daktoci suka koma kabu-kabu da motocinsu, wasu suka sayar da motocin ma. Duk a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009, lokacin da wasu masu karanta wannan shafin ko firamare ba su shiga ba. A lokacin wancan yajin aikin, abin da ke shiga aljihun farfesan da ya kai ƙarshen matakin albashi bai kai naira dubu 500 a wata ba. Da dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan ya kusa dala dubu. Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Albashin da ya kusa dala dubu ya koma wajen ɗari uku, mutum yana zaune a ofishinsa bai yi laifin komai ba. An yi ƙare-ƙare daga baya, ba a musu, amma buhun shinkafa da kuɗin makarantar yara ba su tsaya jiran kowa ba.

Ga Malam kuma akwai abin da ya fi kuɗin ci masa tuwo a ƙwarya. Fanninsa na kimiyya ne, rabin aikinsa a ɗakin gwaji yake. Samfurin da yake so a auna sai ya aika shi wata jiha, wani lokacin wata ƙasa, ya zauna jira wata biyu. Ya taɓa rasa aikin wata shida a dare ɗaya, saboda an ɗauke wuta, janareta ba mai, abin da ke cikin firji ya lalace. Aji ɗaya ɗalibai ɗari huɗu, takardun jarrabawa a buhu ake kai masa mota. Mutumin da ya sha wannan, in aka nuna masa ɗakin gwaji ta kyamarar waya aka ce nasa ne, ba kwaɗayi ba ne in zuciyarsa ta motsa.

Kuma ba yau aka fara ba. Bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, likitoci da malamai sun yi ta fita, har gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti a 1988 don duba lamarin. Kafin nan kuwa akasin haka ake gani: a shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello cike take da malamai daga Indiya, Pakistan, Ingila da sauran ƙasashen Afirka, waɗanda suka baro garuruwansu suka zo Zariya neman aiki. Baturen nan masanin tarihi da ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, wanda ya assasa Arewa House a Kaduna, irin wannan lissafin ya taɓa yi, sai dai shi nan ya zaɓa. Malami dama can inda aiki ke yiwuwa yake bi. Saboda haka ni ban ga laifi a tafiyar kanta ba. Inda nake da magana shi ne a kan kalma ɗaya da ke cikin takardar Malam: dindindin.

Mu a nan mun san ma'anarta. In aka tabbatar da kai a jami'ar gwamnati, to sai dai mutuwa, ko ritaya, ko wani babban laifi. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, sauran malamai 65. Albashi zai iya makara, zai iya zama bai kai komai ba, amma kujerar taka ce, kuma ba wanda zai ce ka tattara ka bar ƙasar. Da wannan ma'anar a ka muke karanta takardun waje, kuma a nan ake yi wa rogo kallon kitse.

A Birtaniya, tun 1988 zamanin Margaret Thatcher aka yi dokar da ta bai wa jami'o'i damar sallamar malami in sun ce ba sa bukatar kujerarsa ko ba su da kuɗin riƙe ta. Wato dindindin a can na nufin ba a rubuta ranar ƙarewa ba, ba wai ba za a iya ƙarewa ba. Shekaru da dama wannan bai dami kowa ba. Yanzu yana damu, saboda jami'o'in nasu ma a matse suke. Kuɗin da suke karɓa daga ɗaliban gida ya daɗe a tsaye, sai suka jingina da ɗaliban waje masu biyan ninki biyu ko uku, kuma 'yan Najeriya na sahun gaba. Daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan masu zuwa digiri na biyu tahowa da iyalansu, a daidai lokacin da naira ta faɗi. Masu zuwa suka ragu sosai. Kuna tuna ɗaliban Najeriya da suka yi zanga-zanga a Jami'ar Teesside a watan Mayun 2024, bayan sun kasa cika kuɗin makaranta an ce su bar ƙasar? Wannan gefe ɗaya ne na labarin. Ɗaya gefen shi ne jami'o'i suka shiga rufe kwasa-kwasai da rage ma'aikata. A Janairun 2025 Jami'ar Cardiff, babba ba ƙarama ba, ta sanar da shirin rage guraben malamai 400. Abin dariya abin tausayi: faɗuwar nairar da ta kori Malam daga gida, ita ce dai ke girgiza kujerar da ake kiransa ya zauna a can.

In an sallami Bature, zai koma gida ya nemi wani aikin, gwamnati ta ɗan tallafa masa kafin ya samu. In an sallami Malam, bizarsa a ɗaure take da jami'ar da ta ɗauki nauyinsa. Ma'aikatar cikin gida kan ba da kwana 60 ne: ko ka samu wani mai ɗaukar nauyi, ko ka fita kai da iyalinka. Kuma a kan irin wannan bizar ba ka da haƙƙin mafi yawan tallafin gwamnati. Sai ka cika shekara biyar kafin ka nemi takardar zama ta dindindin, wadda ita ce ainihin dindindin ɗin. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin ƙasar ta fitar da takardar manufa tana shirin mayar da biyar ɗin goma ga mafi yawan baƙi. Ka shigo a kan doka ɗaya, kana tsakiyar hanya a sauya maka wata.

Akwai wata ƙofa da masu neman aikin jami'a ya kamata su sani, bizar da ake kira Global Talent. Ba a ɗaure take da wurin aiki ɗaya ba, kuma masu bincike da aka amince da su kan iya neman zaman dindindin bayan shekara uku. Ba kowa ke cika sharuɗɗanta ba, amma tambaya ce da ya kamata a yi wa jami'a kafin a sa hannu, ba bayan an sauka a Manchester ba.

Amurka kuma nata salon daban. Can ne ake da abin da suke kira teniya, wato tabbatar da malami ta yadda korarsa ke da wuyar gaske. Amma ba da ita ake farawa ba. Za ka yi wajen shekara shida kana wallafa bincike, kana neman tallafi, ɗalibai na ba ka maki, sannan a zauna a kanka. In aka ce a'a, yawanci shekara ɗaya ake ƙara maka ka nemi hanya. Ko mai teniyar ma in aka rufe sashensa gaba ɗaya ba ta cetonsa: a 2023 Jami'ar West Virginia ta soke kwasa-kwasai 28 da guraben malamai 143. Ga batun shiga ƙasar: a Yulin 2025 Amurka ta mayar da mafi yawan bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya, a Satumba kuma Trump ya ɗora dala dubu 100 a kan sabbin takardun H-1B, bizar da jami'o'i suka saba ɗauko malaman waje da ita.

To mu dawo kan mai kalkuleta. Albashin da aka rubuta wa Malam fam dubu 42 ne a shekara. In ka buga da naira kanka zai yi zafi. Amma ba a Sabon Gari zai kashe shi ba. Fam 12,570 na farko ba haraji, abin da ya haura ana cire kashi 20, a cire kashi 8 na inshorar ƙasa, a cire na fansho. Abin da zai rage wajen fam 2,600 ne a wata. Gidan da zai ɗauki mutum biyar, ko a wajen Landan, haya kaɗai za ta ci fam dubu ko fiye. Sai harajin da ƙaramar hukuma ke ɗora wa kowane gida, sai wuta da gas, wanda a lokacin sanyi ba zaɓi ba ne, sai abinci, sai bas ko mota da inshorarta. Za a rayu, kuma rayuwa mai tsari: wuta ba ta ɗaukewa, makarantar yara kyauta, asibiti ba a tambayar kati da kuɗi a bakin ƙofa. Amma ragowar da za a aiko gida ba ta kai abin da 'yan'uwa ke zato ba, kuma su da farashin canji suke lissafi, ba da farashin haya ba.

Kafin ma a kai ga albashin farko akwai kuɗin shiga. Tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 1,035 ne ga babba a kowace shekara, yaro kuma 776, kuma gaba ɗaya ake biya tun farko. Malam da maman yara da 'ya'ya uku, bizar shekara biyar: fam 21,990. Ba a sa kuɗin bizar kanta ba, ba tikitin jirgi, ba kuɗin ajiya da mai gidan haya zai nema. Wasu jami'o'in na mayar wa ma'aikaci nasa kason, wasu na ba da rance, amma na iyali galibi a wuyanka yake. Malam ya ce ko ya sayar da mota da filinsa ɗaya tilo, da ƙyar zai haɗa. Wato sai ya kwance abin da ya tara a shekara goma sha biyar kafin ya taka ƙasar.

Duk da haka ba kuɗin ne ya hana shi barci ba. Gidansa ne bai yi daidai da fom ɗin ba.

Fom ɗin biza ya san miji, mata ɗaya, da 'ya'yan da ba su kai 18 ba. Iyakarsa ke nan. Gidan Bahaushe kuwa ba haka yake ba. A gidan Malam akwai marayu biyu na yayansa da ya rasu, tun suna rarrafe a hannunsa suke, Baba suke ce masa. A wurin jami'in biza ba 'ya'yansa ba ne, kuma riƙon da muka sani na zumunci ba takarda ba ce. Akwai ƙanwarsa da ke aji biyu a jami'a. Sannan akwai Hajiya, mahaifiyarsa, mai hawan jini, wadda shi ke kai ta asibiti duk ƙarshen wata. Ɗauko iyaye su zauna da kai a Birtaniya na daga cikin biza mafi wuyar samu. Ziyara dai a yi, wata shida a koma. Shi ma da sauƙi tunda matarsa ɗaya. Mai biyu ko uku sai ya zaɓi wadda za ta bi shi, domin doka ba ta ba da damar ta biyu ta shigo a matsayin mata, 'ya'yan wadda aka bari ma shigo da su wata shari'a ce. Ku yi tunanin zaman da za a yi a tsakar gida ranar da za a faɗi wannan zaɓin.

Ya ce da ya gaya wa Hajiya, ba ta hana shi ba. Cewa ta yi, "Allah ya sa alheri ne. In na mutu dai a yi maka waya." Ya ce wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Sai uwargida. Malamar sakandare ce, tana da albashinta, da adashinta, da 'yan'uwanta layi biyu daga gidan. A can za ta fara daga farko, takardunta sai an tantance, kuma da ƙaramin yaro a hannu, kuɗin gidan raino zai iya cinye abin da za ta samu. Ba maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro ta katanga. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Shi yana da ofis da abokan aiki, ita tana da taga. Masu ɗora hoton dusar ƙanƙara a Instagram ba su cika ɗora wannan ba. Batun tarbiyyar yara ma ana zuzuta shi fiye da kima a wasu lokutan, domin garuruwa irin su Bradford da Birmingham cike suke da masallatai da islamiyyu da naman halal. Amma Hausa fa sai an dage. Yaron da ya tafi yana shekara huɗu, in ba a tsaya ba, nan da shekara goma gaisuwa kawai zai iya yi wa kakarsa a waya.

Na tambaye shi, "Malam, to me ya sa ba Saudiyya ko Ƙatar ba? Ga kusa da Ɗaki, ga ba haraji." Ya ce ya duba. Gaskiya ne ba a cire harajin albashi, sau da yawa ana ba da gida ko kuɗinsa da tikitin zuwa gida hutu, kuma mai son tara kuɗi ya gina gida ya fi saurin yi a can. Sai dai a can ko kalmar dindindin ɗin ba a faɗa. Kwantiragi ne da ake sabuntawa, igamarka a hannun wurin aiki take, ranar da ɗan ƙasa ya dawo da digirinsa kujerar tasa ce, kuma ko ka yi shekara ashirin ba ka zama ɗan gari ba. Aƙalla dai su ba su ɓoye ba: kowa ya san zuwa ya yi zai koma, sai ya yi shiri a kan haka.

Akwai kuma abin da manya ba sa so a faɗa, wato girma. Malam a nan babban lakcara ne, saura taki biyu ya zama farfesa. Ana gayyatarsa ɗaurin aure a ajiye masa kujera a gaba, ana sa shi a kwamitin masallaci da na unguwa, in ya shiga banki wani tsohon ɗalibinsa zai taso. A can mataki ɗaya ƙasa aka ba shi, ɗalibai da sunansa gatsal za su kira shi, su kuma cika fom a ƙarshen zango su ce ba sa gane lafazinsa. Wani wannan ba komai ba ne a wurinsa, har daɗi yake ji a bar shi da aikinsa. Wani kuwa shi ne ke karya shi a hankali, kuma ba ya sanin haka sai ya je.

Masu cewa cin amana ne fa? Ba na tare da su, amma ba zan ce ba su da abin faɗa ba. Malam yana duba ɗaliban digiri na biyu da na uku su goma sha ɗaya. In ya tafi, za a raba su ga mutum biyu da dama can kayansu ya yi musu yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ba fanninsa ba ne. Ɗalibin da ya kamata ya gama bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Jami'o'inmu na Arewa, musamman sababbin da ake ta buɗewa, da ma da malaman aro suke tafiya, mutum ɗaya yana zagaya uku a sati. Kuma waɗanda suka tafi ta bayan gida sun ja wa na baya: TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga 1 ga Janairun 2025, kuma cikin dalilan da ta bayar, bayan tsadar canji, har da waɗanda aka biya wa kuɗi suka ƙi dawowa. Wanda ke da yarjejeniyar dawowa a wuyansa, ya cika ta ko ya biya. Amma wanda ya gama wa'adinsa, ya koyar shekara goma sha biyar a kan albashin da muka lissafa a sama, ban ga wanda ke bin sa bashi ba. Gwamnatin da ta iya riƙe wa mutum albashin wata takwas ba ta da bakin yi masa wa'azin kishin ƙasa.

Ni abin da na gaya masa, da ladabi, tunda shi ya koya mini ba ni na koya masa ba: da yana shekara talatin da biyu, sabon dakta, da mata da jariri, da na ce ya tafi ko jakar bai gama ɗaurewa ba. A wannan shekarun abin da za ka rasa kaɗan ne, kana da lokacin cika biyar ko goma ɗin, kuma ɗakin gwaji na kirki a farkon aiki yana sauya duk abin da zai biyo baya. Amma mai shekara arba'in da huɗu, da gida mai mutum tara, lissafinsa daban ne, kuma kada ya bari 'yan kwament su yi masa shi. Ba sai ya saki reshe ya kama ganye ba. Jami'o'inmu na da sabatikal na shekara ɗaya ga wanda ya cancanta, suna kuma da hutun da ba albashi. Ya nemi ɗaya daga ciki maimakon ya rubuta takardar ajiye aiki. Ya tambayi jami'ar can kai tsaye ko an rage ma'aikata a sashen cikin shekara biyun nan, tsawon lokacin gwaji nawa ne, wace biza za su nema masa, me za su biya na iyali. Ba rashin kunya ba ne, su ma sun saba jin irin waɗannan tambayoyin. Ya nemi ɗan Najeriya ɗaya da ke koyarwa a can ya kira shi a waya, ba a rubuce ba, domin abin da mutum zai faɗa da baki ba zai rubuta shi ba. In ta kama, ya fara tafiya shi kaɗai zango ɗaya ya ga sanyin da idonsa, duk da na san raba gida ma nasa ciwon ne.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba Ingila nake so ba. Firjin da ba ya mutuwa nake so."

Jiya na sake kiransa. Ya rubuta wa Turawan ya nemi su ɗaga masa ranar fara aiki zuwa zango na gaba, sun amince. Takardar neman hutunsa tana ofishin shugaban sashe, an ce sai kwamiti ya zauna, kuma ba a sa rana ba. Uwargida ta ce in za a tafi a tafi gaba ɗaya har da marayun, in ba haka ba ita tana nan. Dillali ya zo ya ga filin ya yi tayi, Malam bai sallama ba. Hajiya kuma ranar Alhamis ce ranar ganin likitanta, shi zai kai ta.